Wasiƙa ga Masu Tono Tsofaffin Harsasai da Na'urar Gano Ƙarfe

Zuwa ga masu neman kayan tarihi a ƙarƙashin ƙasa,

Tsohon harsashi na dalma ne, saboda haka ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. In ya daɗe a binne sai ya yi farar fata kamar an shafa masa alli. Wannan fatar ita ce shaidar shekarunsa, kuma ita mai saye ke fara dubawa. Wanda ya kankare ta da burushin waya ya zubar da darajar abin da ya tono. Ruwa da burushi mai taushi sun wadatar, sannan a wanke hannu, domin dalma guba ce.

Bayan fata sai siffa. Ƙwallon dalma mai zagaye shi ne tsohon yayi, irin wanda aka harba a yaƙin basasar Ingila na 1642 zuwa 1651 da kuma yaƙin Waterloo a 1815. Sau da yawa akan ga layin mazubi a jikinsa, da ɗan tabo inda aka yanke wutsiyar zubi. Harsashi mai tsini da rami a gindi kuwa ya samo sunansa daga Claude-Étienne Minié, hafsan sojan Faransa. In albarushi ya tashi, gindin yakan buɗe ya kama tsagin cikin bindiga, harsashin ya fita yana juyi. Shi ya cika filayen yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865.

Ido kaɗai ba ya raba su, sai da awo. Harsashin bindigar Springfield faɗinsa kusan inci 0.58 ne, da tsaga uku a jiki, nauyinsa wajen giram 32. Na Enfield ƙirar Ingila kusan girmansu ɗaya, amma jikinsa sumul yake. Na Gardner, wanda sojojin ɓangaren Kudu suka yi amfani da shi a yaƙin basasar Amurka, tsagarsa biyu ce. Na Williams yana da faifan tutiya a gindi, wanda aka yi don ya share dattin cikin bindiga.

Sai a duba abin da ya sami harsashin. Wanda ya faɗi daga jakar soja yakan fito lafiya lau. Wanda aka harba yana ɗauke da zanen tsagin bindiga, wani lokaci a baje. Mai huda a ka, zaro shi aka yi da ƙugiya daga bindigar da aka ɗura. Akwai waɗanda sojoji suka sassaƙa a sansani suka mayar ’ya’yan wasa. Alamar haƙori a jiki kuwa galibi aikin aladu ne da sauran dabbobi, ko da mai sayarwa ya ce soja ne ya cije shi don zafin rauni.

Farashi yana bin ƙaranci. Mai tsaga uku na yau da kullum daloli kaɗan ne, domin miliyoyi aka zuba. Na bindigar Whitworth mai kusurwa shida yana da wuyar samu, shi ya sa yake tsada, shi ya sa kuma ake yin jabunsa. Fatar jabu takan goge da yatsa ko ta ɓare kamar fenti.

Babbar daraja tana ga wurin da aka samu. Bayan gobarar 1983 a filin yaƙin Little Bighorn da ke Amurka, masana sun bi wurin da na'ura, suka rubuta matsayin kowane harsashi da kwanso, har suka bi sawun bindigogi ɗai-ɗai a yaƙin da aka yi a wurin a 1876. Saboda haka kowane harsashi a sa shi a ledarsa, a rubuta wuri da zurfi da rana.

Doka ma tana nan. A Amurka dokar 1979 ta hana tonon kayan tarihi a filayen gwamnatin tarayya ba da izini ba, kuma an haramta na'ura a filayen yaƙi irin su Gettysburg. A Ingila sai da yardar mai gona. Wanda ya ci karo da harsashin igwa da bai fashe ba, kada ya taɓa shi: ya sa alama, ya ja da baya, ya kira ’yan sanda.

Wassalam.