Rana Kyauta Ce, To Wa Zai Ranta Wa Yaron Kuɗin Faranti?

Ɗan yayata ya gama difloma a fannin lantarki, ya yi shekara biyu yana yawo da takardu a ambulan har gefen ambulan ɗin ya cinye. Da ya gaji sai ya tafi kasuwa ya durƙusa gaban wani maigida mai haɗa wutar sola, ya koyi aikin daga ɗaukar tsani har zuwa lissafin batir da inbata. Yanzu in ya hau rufin gida, kafin la'asar fanka ta fara juyawa. Kwanaki wasu manoman rani na wajen Kura suka same shi, suka ce ya haɗa masu injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, za su biya shi kashi-kashi in sun kwashe tumatir da albasa. Ciniki ya faɗa, saura jarin sayen kaya. Ni na raka shi banki da ƙafata. Suka ce a kawo takardar mallakar fili, da manyan ma'aikatan gwamnati biyu da za su tsaya masa, sannan kuɗin ruwa ya haura kashi talatin cikin ɗari. Yaron da ke kwana a shagon ƙofar gidan ubansa, ina zai samo takardar fili? Muka fito, ko ruwan sha ba a ba mu ba.

Wannan shi ya sa duk lokacin da na ji wani babba a rediyo yana cewa wai ana tallafa wa matasa masu sana'ar makamashi mai tsafta, sai in ji kamar in fasa rediyon. Su wa ake tallafa wa? A ina suke? Mu dai da muke zaune da yaran ba mu gani ba.

Kuma ba wai babu alƙawari ba ne, alƙawari kam mun ƙoshi. A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya je taron sauyin yanayi a Glasgow ya ce nan da 2060 Nijeriya za ta daina ƙara wa sararin samaniya hayaƙi, a shekarar kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. A 2022 aka ƙaddamar da shirin sauya makamashi na ƙasa. A ƙarshen 2023 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 750 domin kai wutar sola da makamantanta ga jama'a ta hannun hukumar samar da lantarki a karkara. Ban ce ba a yi komai da kuɗin ba, akwai ƙauyukan da suka ga haske. Abin da nake cewa shi ne ƙofar da aka buɗe ɗin, an yi ta ne daidai faɗin kamfanin da ke da ofis a Legas ko Abuja, da lauya, da akanta, da wanda ya iya rubuta takardar neman tallafi mai shafi ɗari da Turanci. Mai shago a Sabon Gari ko Kasuwar Barci ko bakin tashar Funtua, wanda shi ne yake hawa rufi da rana tsaka, sai dai a ɗauke shi lebura in babban kamfani ya ci kwangila.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa mani a majalisa. Wai wannan zancen makamashi mai tsafta na Turawa ne, su suka ɓata duniya da hayaƙin masana'antunsu shekara ɗari biyu, yanzu sun ƙoshi suna so su hana mu ci. Akwai gaskiya a ciki, don duk nahiyar Afirka hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi huɗu cikin ɗari na duniya ba. To amma ni ba don Bature nake magana ba. Don aljihun mai walda nake magana, da tela, da mai markaɗe, da mai sayar da ƙanƙara. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Manomin rani da ke zuba fetur a inji kullum safiya, ba ya buƙatar wani farfesa ya zo ya yi masa bayanin ɗumamar yanayi. Shi lissafinsa ɗaya ne: man da ya sha kafin tumatir ya nuna ya cinye ribar tun tana gona.

Ko an manta Oktoban 2024? Aka lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka kwana cikin duhu sama da mako guda. Masu cajin waya suka zama sarakuna. A unguwarmu, gidan da duk ka ga fitila a wannan lokaci, to ko dai mai gidan yana ƙona dukiyarsa a janareta, ko kuma wani yaro irin ɗan yayata ya taɓa hawa rufinsa. Mu da Allah ya ba ranar da ke narka kwalta a watan Afrilu, mu ne muke jiran wuta ta taso daga ɗaruruwan kilomita a bisa waya guda da ɗan ta'adda zai iya kayarwa da dare ɗaya. Kuma mun ga abin da rashin wuta ya taimaka ya yi wa Bompai da Sharaɗa da Kakuri. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka kafa tun 1957, ta rufe a 2002, ma'aikatanta da yawa sun mutu suna jiran haƙƙinsu.

Abin da ya fi ɓata mani rai kuwa shi ne irin tallafin da manyanmu suka iya, wato rabo. Ɗan majalisa zai samo kwangilar fitilun sola na kan titi, ya ba wani na jikinsa wanda bai san bambancin batir mai kyau da na bola ba, a kafa sanduna, a maƙala hoton mai girma, a yi biki. Kafin damina biyu rabinsu sun mutu, ba wanda aka ɗora wa alhakin gyara, ba wanda ke goge ƙurar hunturu daga farantin. Sai talaka ya kalli sandar ya ce ai sola ƙarya ce. Ka ga an ci kuɗin, an kuma ɓata wa mai sana'ar gaskiya kasuwa. Haka rabon murhu da injin ban-ruwa kyauta: wanda ya ji labarin za a raba ba zai sake saye ba, zai zauna jira, wanda ya samu kuma sau da yawa kasuwa yake kaiwa washegari.

Kada wani ya ce mani mutanenmu ba su da basira. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya ɗauki tukwanen ƙasa biyu, ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen ƙyalle. Ruwan yana tsanewa yana jan zafi, abin da ke ciki ya yi sanyi, ba wuta ba mai. Gautar da ke lalacewa a kwana uku sai ta yi makonni. Da albashinsa ya biya magina tukwane suka yi na farko ya raba. Sai da kamfanin agogo na Rolex ya ba shi lambar yabo a 2000 sannan da yawanmu muka ji sunansa. A Maiduguri kuma ga Mustapha Gajibo, wanda ya riƙa cire injin fetur daga ƙananan motocin haya yana mayar da su masu aiki da batir. Su biyun nan duniya ta san su. Akwai ɗaruruwa irinsu a Ƙofar Ruwa da Panteka waɗanda ba mai ɗaukar hoton da ya taɓa zuwa wajensu.

A 2025 sai muka ji wani minista yana cewa za a hana shigo da farantin sola daga waje, wai don a ƙarfafa na gida. Na gida nawa ake yi? A shekarar ne kuma aka sa naira biliyan 10 a kasafi domin haɗa wa fadar shugaban ƙasa wutar sola. Wato mai gida ya gane ranar ce mafita, ya haɗa wa kansa, sannan ana shawarar a tsauwala wa sauran jama'a farashi. Kafin ka hana mutum sayen tuwo a waje, ai sai ka tabbatar an ɗora tukunya a gida.

Abin da yaran nan ke bukata ba shi da wuyar faɗa. Rance mai sauƙin ruwa wanda kayan aikin kansu za su zama jingina, domin farantin sola ba ya gudu, kuma mai kyau yakan yi shekara ashirin yana aiki. Ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta manoma ta tsaya wa mutum a maimakon babban ma'aikaci, kamar yadda iyayenmu suka yi shekaru suna adashi da amana ba takarda. Tun da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, gwamna ba shi da sauran uzurin cewa komai sai Abuja. In zai haɗa sola a asibitin ƙauye ko rijiyar burtsatse, ya ba 'yan garin aikin tare da kwangilar gyara ta shekaru, ya kuma biya su a kan lokaci. A sa ido a kan jabun kaya a tashar ruwa. A kuma kula da inda matattun batura ke zuwa, don akwai masu fasa su suna narka darmar a bayan gida, mu kuwa mun ga abin da darma ta yi wa yara a Zamfara a 2010.

Manoman Kura dai sun gaji da jira, sun koma sayen fetur a galan. Ɗan yayata kuma jiya ya zo yana tambayata ko na san wani a Jidda, wai an ce masa can ana neman masu haɗa sola. Uwarsa ta ce in hana shi. Na ce mata to ta ba ni abin da zan ce masa.