Kafin ka kai kuɗin masararka 'Yan Babura

1/ Zare a kan sayen babur, musamman ga matasanmu na Tudun Kaya, Karaye da Rogo. Duk kaka haka ake yi: a sayar da masara da waken suya, a shiga mota zuwa Kano, a dawo da sabon babur da ledarsa. Ra'ayina dai shi ne, yawancinmu kuɗin saye kawai muke lissafawa, alhali kuɗin riƙo ne yake kayar da mutum.

2/ Tambayar farko ba ta Fagge ba ce, ta gida ce. Je ka wurin bakaniken garinku, ka zauna a bencinsa, ka ce, "Oga, wane babur ne in ya lalace yau za ka tashe shi yau?" Amsar da ya ba ka ta fi duk bidiyon TikTok da ka kalla. Shi zai riƙa kwance injin, ba mai shagon da ya karɓi kuɗinka ba.

3/ Shi ya sa Boxer ta Bajaj ta cika ƙauyukanmu. Ba kyau gare ta ba, gaskiya. Amma tun da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013, sana'ar ba ta mutu a karkara ba, kuma 'yan acaɓar karkara ita suke hawa. Inda masu hawa suka yi yawa, nan kayan gyara suke taruwa: fulogi, cen da siraket, igiyar kuloci, takalmin birki, fistin da ringi. Yaron gareji ma ya haddace cikinta.

4/ Ka kwatanta da wanda ya sayo wani samfurin da shi kaɗai ke da shi daga nan har Gwarzo. Ranar farko kowa na kallonsa. Ranar da wani ɗan ƙaramin ƙarfe ya karye, sai a jingine babur a zaure, a biya kuɗin mota zuwa Kano, a yini ana yawo, a dawo da wanda bai shiga ba. Sati biyu yana biyan ɗan acaɓa alhali yana da babur.

5/ Ba cewa na yi kowa ya sayi Boxer ba. Honda Ace, wadda ake harhaɗawa a Ota ta jihar Ogun, tana da laushin inji da tsimin mai. TVS da Haojue ma suna da masoyansu. Abin da nake cewa: ka fara tabbatar da kayan gyaransu na asali suna samuwa kusa, kuma ka tambayi farashinsu kafin ka saya, ba bayan ka saya ba.

6/ Roba-roba kuwa, in zirga-zirgarka makaranta ce da kasuwa a kan kwalta, ta ishe ka, ga ta da sauƙin hawa. Amma in kana da niyyar ɗora mata buhun taki biyu ka bi hanyar gona da damina, ka tausaya mata.

7/ Mai. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Aka cire tallafi, ta haura 500 cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Darajar naira ta faɗi, sabon babur da kayan gyara suka bi sahu tunda daga Indiya da Caina ake shigo da mafi yawansu. Lissafin da yayanka ya yi a zamaninsa ba zai yi maka aiki ba.

8/ Mu yi misali, kai ka sa naka alƙaluman. A ce kana yin kilomita 40 kullum, kwana 25 a wata. Kilomita 1,000 ke nan. Babur mai yin kilomita 50 da lita ɗaya zai sha lita 20. Mai yin 40 zai sha 25. Bambancin lita 5 a wata, lita 60 a shekara. In lita tana naira 1,000, dubu 60 ke nan suka tafi a hayaƙi. Rangwamen da aka yi maka a shago ya ƙone ba ka sani ba.

9/ Tsofaffin Jincheng masu haɗa baƙin mai da fetur suna da araha a hannu, suna da tashi, amma shan mansu da hayaƙinsu ba na wannan zamanin ba ne.

10/ Yanzu ga inda nake son mu daɗe: baƙin mai. Babu abin da yake kashe babur a yankinmu kamar wasa da juye. Injin waɗannan baburan iska ce take sanyaya shi, ba ruwa ba, kuma kusan lita ɗaya ce kacal ta baƙin mai take zagaya shi, ita ce kuma take jiƙa kuloci da giya. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu, ga lodi. Man yana tsinkewa da wuri fiye da yadda muke zato.

11/ Ni a hanyar burji ba na barin juye ya wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500, kuma na gwangwani mai hatimi nake saya, a buɗe a gabana. Na awo da ake zubawa daga galan ba ka san tarihinsa ba. Wanda yake tsimin kuɗin gwangwani ɗaya, shi ne zai biya kuɗin ringi, in abin ya yi muni inji ya buga ya sayi rabin inji. Sabon babur kuma juyen farko da wuri ake yinsa, duba littafin kamfani, kada ka jefar da shi tare da kwali.

12/ Soson da ke tace iska ma haka. In ya toshe, babur ya riƙa shan mai yana kasala. In ya yage ko aka cire shi, ƙura ta shiga ta riƙa goge fistin kamar yashi. Sai cen: a sa masa mai, kada a ɗaure shi tamau, kuma in za a sauya, a sauya shi tare da siraket, don tsohon haƙori cinye sabon cen yake yi.

13/ Fetur ɗin 'yan bumburutu, wani lokacin dole ce ke sa mu. Nan kafireta ta fi: in datti ya shiga, a kwance a wanke a gindin bishiya. Masu allurar mai ta lantarki sun fi tsimi, amma suna son mai tsaftatacce da bakanike mai na'ura. Ka duba ko akwai shi a Karaye kafin ka yi sha'awa.

14/ Na hannu fa? Ba laifi ba ne, sai dai ka je da sassafe, inji na sanyi, ka taɓa shi da hannunka. In ka tarar an riga an ɗumama shi, ka yi tambaya. Shuɗin hayaƙi a salansa alamar yana ƙona baƙin mai ne. Ka zaro ma'auni: mai kauri kamar zuma sau da yawa ƙara ake ɓoyewa da shi. Ka duba firam ko an taɓa yi masa walda.

15/ Sannan takardu. Lambar inji da ta firam su yi daidai da rasit, mai sayarwa ya zo da shaidar da aka sani, a rubuta yarjejeniya. Babur mai arahar da ta wuce hankali, ba rasit, zai iya kai ka ofishin 'yan sanda, kuɗi sun tafi, babur ya tafi.

16/ Masu karɓa biya a hankali: ka ninka kuɗin sati da yawan makonni, ka ajiye shi kusa da farashin kuɗi hannu, ka kalle su da kyau. Ka kuma tambaya me zai faru in ka yi jinya wata guda.

17/ Kada ka juye duk kuɗin kaka a kan babur ɗin. Ka rage na lamba, hular kwano, kwaɗo mai kyau, da juye uku na farko. In abin da ke hannunka bai kai sabo da waɗannan ba, ni dai na fi son ka ɗauki bakanikenka ku nemo na hannu mai lafiya, ka biya shi kuɗin yininsa.