Karatu a Birtaniya: Kuɗin Da Biza Ke Nema Ba Su Ne Kuɗin Zama Ba

A watan Janairun 2025 gwamnatin Birtaniya ta ɗaga adadin kuɗin da ɗalibi zai nuna kafin a ba shi bizar karatu: fam 1,483 a wata ga mai zama a Landan, fam 1,136 ga sauran garuruwa, na tsawon wata 9. Dole kuɗin su yi kwana 28 a jere cikin asusu. Iyaye da dama, har da ma'aikatan gwamnatin tarayya, kan ɗauki wannan adadi a matsayin kasafin shekara guda, alhali sharaɗin shiga ƙasar ne kawai.

Digiri na biyu a can yawanci wata 12 ne, don haka akwai wata 3 da lissafin biza bai taɓa ba, kuma mai gida ba ya yafe haya don ɗalibi yana rubuta kundinsa. Ga harajin lafiya na fam 776 a shekara, wanda ake biya tun wajen neman biza. Ga kuɗin ajiya na haya, da tufafin sanyi, da wutar ɗumama ɗaki a hunturu.

Babbar barazanar dai canji ce. Albashi da naira yake zuwa, haya kuwa da fam ake biya. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a hukumance. Farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya tara kuɗinsa da naira ya wayi gari abin da zai isa shekara bai kai rabinta ba. Haka wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside suka kasa cika kuɗin makaranta a 2024, har aka umarce su da barin ƙasar.

Wasu kan ce ai yaron zai yi aiki. Doka ta ƙayyade awa 20 a mako lokacin zangon karatu, kuma aikin ba ya jiran kowa a filin jirgi. Abin da ake samu kan taimaka wajen cefane da kuɗin mota, amma da wuya ya ɗauki haya, balle ragowar kuɗin makaranta.

Gidan da ke shirin tura ɗa a bana, ya fi masa alheri ya rubuta kasafin wata 12 da fam, ya canza kuɗin tun kafin tafiya, maimakon aikawa wata-wata a kan farashin da babu wanda ya san inda zai tsaya.