Idon gwaggo ba sikeli ba ne

1/ Jama'a, yau sai na amayar da abin da ke cina. Saura wata biyu bikin ƙanwata, gwaggonmu ta kalle ta ta ce, "Wannan ai sillen kara ce, dangin miji za su ce yunwa muke bar ta da ita." Washegari sai ga ƙwayoyin sha-ka-fashe a leda.

2/ Na ce a'a, a kawo sikeli. Nauyinta kilo 52, tsayinta mita 1.60. Lissafin BMI ba wuya: tsayi sau tsayi, 2.56 ke nan, sai ka raba nauyi da shi. Ya ba mu 20.3. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, daga 25 nauyi ya fara yawa, 30 kuma ƙiba ce mai haɗari. To ina ramar take, don Allah?

3/ Wasu ƙwayoyin nan fa dexamethasone ne. Fuska ta yi suntum a ce amarya ta yi kyau, alhali hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi ake saya mata.

4/ Na san wani zai zo da "ai BMI na Turawa ne." Haka ne. Adolphe Quetelet, masanin lissafi ɗan Beljiyam, shi ya fito da shi a shekarun 1830, kuma Turawa ya auna. Sunan ma sai 1972 Ancel Keys ya raɗa masa. Bai san tsoka ba, bai san kitse ba, ɗan dambe mai ƙirar ƙarfe sai ya ce masa ya yi ƙiba. Mai juna biyu kuma ba da shi ake auna ta ba.

5/ Amma ku ji inda gizo ke saƙar. A Birtaniya, baƙar fata 'yan asalin Afirka an sauke musu iyakar zuwa 23 da 27.5, saboda ciwon suga yana kama mu tun nauyi bai kai na Bature ba. Hujjar taku ma ku take kayarwa.

6/ Ku ma maza masu shafa tumbi ana "Alhaji an samu", ban manta da ku ba. Auna igiya daidai tsayinka, ninka ta biyu, zagaya cikinka wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, je a duba maka suga da jini.

7/ Ƙwayoyin dai suna cikin durowata. Kwana uku ke nan gwaggo ba ta amsa gaisuwata.