Larabar Toka da Mutanen Bencin Baya



Ranar Larabar Toka, duk wanda ya bi ta ƙofar majami'un Katolika da na Angalika a Kaduna, Jos ko Kafanchan zai ga mutane suna fitowa da alamar gicciye ta toka a goshi. Tokar ta ganyen dabinon da aka ɗaga bara ce a Lahadin Dabino, aka adana, aka ƙona. Fada kan dangwala ta da babban yatsa, ya shafa wa alƙali, ya shafa wa mai tura baro, yana tuna wa kowa cewa ƙasa ce mafarinsa, ita ce kuma makomarsa. Daga ranar ake lissafin kwana 40 na azumi har zuwa Ista, ban da ranakun Lahadi.

A wannan lokaci ya kamata mu duba labarin Bitrus, almajirin Yesu, da kyau. Mutumin nan ba munafuki ba ne. Da zuciya ɗaya ya yi alkawarin bin Yesu har mutuwa, har takobi ya zare a Gatsemani. Amma a daren da aka kama Yesu, yana jin ɗumi a farfajiyar gidan babban firist, tambayar wata baranya ta karya masa gwiwa. Sau uku ya musanta Ubangijinsa kafin zakara ya yi cara, sannan ya fita yana kuka mai zafi. Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, shi ma ya yi nadama, har ya mayar da azurfa 30 ɗin da ya karɓa, sai dai ya fid da rai ga samun gafara, ya hallaka kansa. Bitrus kuwa ya koma cikin 'yan'uwansa da kunyarsa. Bayan tashin Yesu daga matattu, a bakin Tekun Tibariya, sau uku Yesu ya tambayi Bitrus ko yana ƙaunarsa, ya kuma damƙa masa kiwon tumakinsa.

A nan ne nake da magana da ikilisiyoyinmu. Mun san yarinyar da ta yi ciki ba aure, aka sa ta a horo, aka kai ta bencin baya, aka hana ta cin Jibin Ubangiji. Horo yana da amfaninsa, ban musa ba. To amma sau nawa wa'adin ya cika dattawa suka taka har gidansu suka ce, “'Yata, taso ki dawo”? Ina kuma namijin da ya yi mata cikin? Sau da yawa yana nan a gaba, cikin mawaƙa. Wasu 'yan matan kunya ta hana su sake taka majami'a, mu kuma muka yi shiru.

Fastoci, dattawa da shugabannin zumuntar mata, kun san sunayensu, kun san gidajensu. Kafin Jumma'ar da za mu tuna da mutuwar Almasihu a kan gicciye, ku je ku yi musu sallama.