Tsutsar Masara da Allurar Rigakafi: Mu Ina Muka Tsaya?

Duk ɗan manomi ya san tsutsar nan da ta ɓulla a Nijeriya a 2016 ta dinga cinye zuciyar masara. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, tun shekarun 1970 masana a Amurka suka ɗebi ƙwayoyin halitta daga jikin irin wannan tsutsa suka raine su a ɗakin gwaji. Zuriyarsu, da ake kira Sf9, da ita ake haɗa wasu alluran rigakafi yau.

Ga yadda ake yi. Akwai wata ƙwayar cuta, bakulobairos, da ke kama ƙwari amma ba ta hayayyafa a jikin mutum. Sai a dasa mata bayanin gadon furotin ɗin da ake so, misali ƙayar da ke jikin ƙwayar korona. A zuba ta kan ƙwayoyin Sf9 cikin tanki mai ɗumin digiri 27, su kuma su kama ƙera furotin ɗin. Bayan 'yan kwanaki a tace shi, a tsarkake, a ɗura a kwalba. Haka aka yi allurar korona ta Novavax, haka dangin Sf9 suka samar da Flublok ta mura, wadda Amurka ta amince da ita a 2013.

To, ina ruwanmu? Na farko, ranar da wani ya watsa a WhatsApp cewa an zuba tsutsa a allura, wa zai warware wa mutanen gida in ba mu 'yan makaranta ba? Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Jita-jita ce ta tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta bazu har wasu ƙasashe, yara suka nakasa.

Na biyu, tun 1991 ɗakin haɗa rigakafi na Yaba ya daina aiki, lokacin korona kuwa muka zauna jiran abin da aka rage mana. Ko gobe aka gina masana'anta, wa zai kula da tankunan? Masu difloma ne, wallahi, musamman 'yan SLT.

Wani zai ce wutar lantarki ma ta gagare mu. Gaskiya ne. Shi ya sa nake kira ga ƙungiyar ɗalibai ta kai wa hukumar makaranta buƙatu biyu a rubuce: sola a ɗakin gwaji, da darasin rainon ƙwayoyin halitta da hannu, ba a kan allo kawai ba. Mu da ke fita bana ba za mu mora ba, amma ƙannenmu za su mora.