Gamba na ƙarewa a ƙasarta

Sharhinmu na yau a kan gamba ne, doguwar ciyawar nan da ake saƙa zana da ita, a kewaye gida, a yi wa rumbu jiki.

Dattawa a Katsina da Maraɗi da Damagaram sun san lokacin da yaro kan shiga cikin gamba ya ɓace wa gani. Yanzu mai saƙar zana sai ya yi nisa kafin ya haɗa dami, ko ya saya da tsada. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya kashe tushenta da yawa, gonaki suka cinye makiyaya da burtali, garmani ya mamaye sauran, shi kuwa dabba ba ta son sa.

Amma babban laifin yana hannunmu. Gamba ba ta mutuwa da rani. Tushenta na nan a ƙasa, ruwan farko na sauka ta toho, shi ya sa makiyayi ke ƙaunarta. Sai dai irinta ba ya nuna sai bayan ɗaukewar damina. Mu kuwa gaggawa ta hana mu jira: wannan ya sa lauje don kada wani ya riga shi, wancan ya koro garke tun tana ɗanya, mafarauci ya cinna wuta. Tsohon tushe ya gaji, sabo bai fito ba.

Wani abin takaici, a 1973 masu bincike suka ɗauki irin gamba daga Shika, kusa da Zariya, zuwa Kolombiya, a 1980 aka raba wa makiyayan can. A Ostireliya kuwa ta yi yawa har a 2012 gwamnati ta sa ta cikin manyan ciyayin da ake yaƙa, saboda gobarar dajin da take rurawa. Can ana neman kai da ita, nan muna cigiyarta.

Manoman wasu ƙauyukan Nijar sun daɗe suna raba tushen gamba su dasa a iyakar gona. Tana tare iska, tana riƙe ƙasa, kuma da kaka ga zana ta sayarwa. Wannan ba ya jiran kuɗin gwamnati. Abin da ya rage shi ne masu unguwanni da dagatai su zauna da arɗo-arɗo, a tsayar da rana guda ta fara yanka, bayan iri ya zube, wanda ya riga ranar kuma a ci shi tara.